Kundin Lokacin Kaka na Gyaran Maganar Yara: Abin da Na Gani Bayan Mako Goma

A ƙarshen watan Satumba, daidai lokacin da ganyayen itatuwa suka fara rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa a unguwarmu da ke birnin Kolumbus na jihar Ohayo, malamar gyaran magana da ke duba ɗana a makaranta ta ba ni shawarar in nemi kayan da za mu riƙa maimaita darasi da su a gida. Yaron yana da shekara biyar, kuma matsalarsa ita ce sautin k da na g ba sa fita daga bakinsa yadda ya kamata. Kaza a wurinsa "taza" ce, gida kuwa "dida", kuma haka yake yi wa kalmomin Turanci. A can gida tsamin baki muke kiran wannan, mu ce yaro zai bari da kansa, kuma sau da yawa yakan bari ɗin. Sai dai nazarin da Kathryn Crowe da Sharynne McLeod suka wallafa a 2020 ya nuna cewa yawancin yara masu magana da Turanci a Amurka sukan mallaki waɗannan sautuka biyu kafin su cika shekara huɗu, saboda haka wanda ya kai biyar bai kama su ba yana bukatar a taimaka masa. Wannan ne ya kai ni ga sayen wani kundin darussa da aka gina a kan kaka da bukukuwanta, kuma a kansa nake son yin bayani ga iyayen da ke cikin hali irin nawa.

Na saye shi ne a kasuwar intanet ta Teachers Pay Teachers, wadda yanzu aka fi sani da TPT. Wani malamin makarantar gwamnati a Niyok mai suna Paul Edelman ne ya kafa ta a 2006 domin malamai su riƙa sayar wa juna darussan da suka tsara da hannunsu, kuma kamfanin IXL Learning ya saye ta a 2023. Ba littafi ake aiko wa mutum ba. Yana biya sai ya sauke takardun a kwamfutarsa, ya buga su da kansa, ya yanka da almakashi. Masu sayarwa suna da yawan gaske, kuma da kaka ta kama sai shafin ya cika da kayan gyaran magana masu hoton kabewa da tuffa da talotalo. Wanda na zaɓa aikin wata ƙwararriyar gyaran magana ce, ya kasu gida uku: sashen girbi da faɗuwar ganye, sashen bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, da sashen Ranar Godiya da Amurkawa ke yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Kowane sashe yana da katunan hotuna na furuci, da allon wasa irin na lido, da shafukan bin umarni, da hotunan da ake jerawa a ba da labari.

Zan fara da abin da ya gamsar da ni, domin shi ne ya fi yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba. Gyaran furuci aiki ne na maimaici. Yaro ba ya koyon ɗaga bayan harshensa zuwa hanɗa, wato can bayan ganɗa, don an yi masa bayani sau ɗaya; sai ya faɗi sautin sau ɗaruruwa, a kalma, sannan a jimla, sannan a cikin hira, har ya zame masa jiki. A makaranta ɗana yana ganin malamarsa sau biyu a mako, rabin awa kowane zama, tare da wasu yara biyu, kamar yadda aka rubuta a takardar tsarin karatunsa ta musamman da ake kira IEP, wadda dokar tarayya ta IDEA ta wajabta wa makarantun gwamnati su tanadar wa yaron da aka tabbatar yana da bukata. Duk wanda ya raba rabin awa tsakanin yara uku ya san abin da zai rage wa kowannensu. Abin da ya rage sai a cike shi a gida, kuma a nan ne gizo ke saƙar, domin yaro ɗan shekara biyar ba zai zauna ya maimaita kalma sau hamsin don mahaifiyarsa ta ce ya yi ba.

Kundin ya warware mini wannan. Akwai shafi mai ɗauke da ƙananan ganyaye ɗari, duk lokacin da yaro ya furta kalma daidai sai ya shafa wa ganye ɗaya launi. Akwai wani mai hoton kurege da raminsa, yaro yana ba shi 'ya'yan itace na takarda ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kalmarsa. Ɗana, wanda a da nake fama da shi kafin ya faɗi kalma goma, sai ga shi yana cika rabin shafin ganyayen a zama ɗaya na minti goma, yana ƙirga abin da ya rage masa da kansa. Ba wata dabara mai zurfi ba ce, amma an tsara ta da sanin halin yara, kuma hotunan suna da tsabta, ba a cika su da ado mai ɗauke hankali ba.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ainihin hikimar gina darasi a kan yanayi, shi ne yaro yana fita waje ya tarar da abin da ya gani a takarda. A watan Oktoba babu inda mutum zai waiga a Ohayo bai ga kabewa ba: a ƙofar gidaje, a bakin kantuna, a gonakin da ake kai ɗalibai yawon buɗe ido. Mun je bikin kabewa na garin Circleville, wanda ke kudu da Kolumbus kuma ake yin sa tun 1903, inda ake auna kabewar da wata kan haura kilo 500. A can yaron ya yi ta nuna masara da keken doki da kek ɗin kabewa, yana kiran sunayensu da Turanci, kuma a ranar ce na fara jin k ta fito masa a cikin hira ba tare da na tunatar da shi ba. Ba zan ce kundin ne kaɗai ya yi wannan ba, domin malamarsa ce ta fara nuna masa inda zai sa harshensa, kuma ba aikin da takarda za ta iya yi ba ne. Amma kalmomin da ya faɗa a ranar su ne waɗanda muka yi mako uku muna maimaitawa a teburin cin abinci. Da a ce darasin a kan dabbobin teku ne, da babu abin da zai tuna masa da shi a kan titi.

Shafukan bin umarni ma sun yi kyau. Ana ce wa yaro ya sa tuffa a ƙarƙashin itace, ya sa ganye a bayan mutum-mutumi, ya sa kurege tsakanin kabewa biyu, daga baya a haɗa masa umarni biyu a jimla ɗaya. Waɗannan na riƙa yin su da Hausa da Turanci a jere, kuma na lura cewa Hausa tana sauƙaƙa wa yaro fahimtarsu, tun da kalmominmu na wuri daga jikin mutum suka fito: a kan abu daga kai, cikin abu daga ciki, bayan abu daga baya. Sai in taɓa bayansa in ce baya, sannan mu nemi bayan mutum-mutumin.

Yanzu ga inda kundin ya gaza, kuma gazawar tana da tushe ɗaya: yanayi ne ya zaɓi kalmomin, ba bukatar yaro ba. Mai tsara shi ta tara duk kalmar kaka da ke da k ta zuba a jaka ɗaya, alhali ba nauyinsu ɗaya ba. Yaron da ke mayar da k ta zama t yana shan wahala sosai idan kalma ta haɗa sautukan biyu, domin t ɗin da ke cikinta tana jan harshensa gaba. Sunan talotalo a Turanci, "turkey", ya fara da t, ga kuma k a gaɓarsa ta ƙarshe. "Cat" da "coat" da "costume" da "candy" duk suna da t ko d a tare da k. "Pumpkin" kuwa ta jera baƙaƙe uku a tsakiyarta, har yaran Amurka da ba su da wata matsala sukan taƙaita ta. Waɗannan su ne katunan da suka fi yawa kuma suka fi kyan hoto, su ne yaro ke miƙa hannu ya ɗauka, kuma su ne ya fi faɗuwa a kansu. A makon farko na yi kuskuren ba shi su gaba ɗaya, ya yi ta kuskure har ya ture katunan ya ce ba ya so. Da na kai wa malamarsa, sai ta zauna ta ware su gida biyu, ta ba ni kalmomi kaɗan masu sauƙi irin su "rake" da "cake" da "key", ta ce sauran a ajiye sai ya yi ƙarfi. Babu ko layi ɗaya a cikin kundin da ya yi wannan gargaɗi. Na fahimci cewa don ƙwararru aka yi shi, waɗanda sun san wannan tun a jami'a, amma iyaye ma suna saye, kuma shafi ɗaya na jagora da ya wadatar.

Wani abin da na so in gani na kuma ga kaɗan ƙwarai shi ne katunan kalmomi biyu da sauti ɗaya kawai ya raba su, irin "key" da "tea", ko "cape" da "tape", ko "corn" da "torn". Wannan hanya ce sananniya a wurin masu wannan sana'a, domin tana nuna wa yaro cewa idan ya sauya sauti ma'ana ta sauya: ya nemi mabuɗi, a miƙa masa shayi. Ga yaro irin nawa ita ce ta fi amfani, amma da yake kalmomin kaka da ke shiga wannan tsari ba su da yawa, sai aka ba ta shafi guda aka wuce.

Akwai kuma batun da ya shafe mu mu masu harshe biyu, wanda kundin bai san da zamansa ba sam. An rubuta shi ne da tunanin yaron da Turanci kaɗai yake ji a gida. Hausa ba ta raba p da f ba, shi ya sa muka mayar da kalmomin aro famfo da fenti da fasinja. Ba mu da v, ba mu da sautin da ke farkon "thanks", kuma ba ma jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, shi ya sa muka ce burodi da direba. Yaron da ya tashi yana jin Hausa, idan ya ce "famkin" ko ya saka wasali a cikin "spider", ba ciwo ba ne, tasirin harshen gida ne, kuma Ƙungiyar Masana Magana da Harshe da Ji ta Amurka, ASHA, ta daɗe tana jaddada cewa bambancin harshe daban, nakasar magana daban. Alamar matsala ta gaskiya ita ce ta bayyana a harsunan biyu, kamar yadda "taza" da "dida" suka bayyana a bakin ɗana. Uwar da ba ta san wannan ba za ta iya buɗe kundin ta ga katunan p da v da sp, ta ɗauka duk ciwo ne, ta ɗora wa yaro nauyin da ba nasa ba, ko kuma ta yanke shawarar daina yi masa Hausa. Wannan na biyun shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin na ga gidajen da aka yi haka, yaro ya tashi ba ya iya gaisawa da kakanninsa a waya, alhali bincike bai nuna cewa harshe biyu yana haddasa matsalar magana ba.

Abin da na yi shi ne na ɗauki tsarin kundin na zuba masa kalmominmu. Hausa tana da arzikin kalmomin da babu komai a cikinsu sai k da g da wasula: kaka, kuka, koko, guga, goggo. Babu t ko d da za su ja harshen yaro gaba, kuma kalmomi ne da yake ji kullum. Na zana su a bayan katunan ganyen, muka riƙa yin rabin shafi da Turanci rabi da Hausa. Malamarsa ba ta jin Hausa, amma da na karanta mata jerin sai ta ce in ci gaba, har ta nemi in rubuta mata su.

Sashen Halowin shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na kundin, kuma yawancinsa bai yi mana amfani ba. Bikin yana da asali a al'adun mutanen Kelt na dā a Turai da kuma jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci, ko da yake a Amurka ta yau ya zama daren da yara ke sa kayan ɓad-da-kama suna bi gida-gida ana ba su alewa. Mu ba ma yin sa, kuma ba mu kaɗai ba, domin akwai iyalan Kirista da dama da su ma ba sa yi. Shafukan cike suke da fatalwa da mayu da ƙwarangwal da kaburbura. An zana su da fuskar dariya, amma kalmar mayya a kunnen Bahaushe ba abin wasa ba ce, kuma ban ga dalilin da zai sa in koya wa ɗana ita a matsayin abin sha'awa ba. Akwai darasin da ke koya wa yaro yadda zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi gaisuwa, ya karɓi alewa ɗaya, ya yi godiya. Tsarinsa yana da kyau ga yaran da mu'amala da mutane ke yi wa wuya, kuma na ajiye shi da niyyar in sauya masa hotuna idan Sallah ta zo, domin yawon barka da Sallah ma haka yake tafiya. Ba na zargin mai kundin da yin abin da masu sayenta ke so. Abin da nake cewa shi ne da ta raba sassan ana sayar da kowanne daban, ko ta ƙara shafukan da ba su da alaƙa da bikin, da ta kyauta wa iyalai irin namu. Ya kamata iyaye su sani kuma cewa suna da damar gaya wa malamar makaranta ba sa son a yi wa ɗansu darasi da waɗannan hotuna; ni da na faɗa, nan take aka sauya masa da na girbi ba tare da wata jayayya ba.

Shafukan gizo-gizo da jemage kaɗai na tsame daga sashen. Gizo-gizon ya buɗe mana ƙofar tatsuniya, kuma sunayen Gizo da Ƙoƙi kansu darasi ne, tun da yaron "Dizo" yake cewa. A tatsuniyoyinmu Gizo da tsamin baki yake magana, kuma masu ba da labari sukan kwaikwayi muryarsa don a yi dariya. Wannan ɓangaren na bar shi, domin ba na son ɗana ya ji ana dariyar irin maganarsa a bakin mahaifiyarsa.

Sashen Ranar Godiya ya fi dacewa da mu. Akwai talotalon takarda da yaro ke liƙa wa gashi, a kan kowane gashi ya faɗi abin da yake godiya a kansa da cikakkiyar jimla. Wannan ya shiga gidanmu ba tare da wani gyara ba, domin yaron ya saba da Alhamdulillahi bayan cin abinci, kuma ya ba shi damar tsawaita jimlolinsa da "saboda". Hotunan jera labari na shirya abinci, daga kasuwa zuwa kicin zuwa tebur, su ma sun yi aiki wajen koyar da farko da sannan da daga ƙarshe. Sai dai kalmar godiya ta Turanci tana farawa da sautin da binciken da na ambata ya nuna shi ne na ƙarshen zuwa, sai wajen shekara shida, don haka bai kamata a matsa wa ƙaramin yaro a kanta ba. Shafi biyu kuma na cire su gaba ɗaya, waɗanda ke nuna Turawan da suka sauka a Plymouth, a gaɓar gabashin Amurka, da mutanen Wampanoag da suka tarar a wurin, a walimar girbi ta 1621, an zana 'yan asalin ƙasar da gashin tsuntsu a ka kamar 'yan tsana. Mutanen nan suna nan da ransu, kuma tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki. Mu da muka san yadda ake zana Afirka a littattafan wasu, bai kamata mu miƙa wa 'ya'yanmu irin wannan hoto na wasu mutane ba.

Game da kuɗi, farashin kundin kansa bai taka kara ya karya ba, amma ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Tawadar firinta mai launi tana da tsada, katunan kuma idan ba a buga su a takarda mai kauri ba kwana biyu suke yi a hannun yaro. Na ɓata dare biyu ina yanka. An haɗa da kwafin baƙi da fari na kowane shafi, kuma shi na fi ba da shawara, domin ya fi araha kuma yaro yana samun aikin shafa launi. Kafin a biya, a buɗe samfurin da masu sayarwa ke nunawa kyauta, a ƙirga shafukan da suka shafi sautin da yaro ke aiki a kansa, domin kundin da ya ƙunshi sautuka ashirin, biyu ko uku kawai za su yi wa yaro ɗaya amfani.

Hukuncina shi ne kundin ya cancanci saye ga iyayen da ɗansu ya riga ya sami ƙwararren da ya auna shi, ya faɗi sautin da za a yi aiki a kansa da matakin da ya kai. Ga wanda bai kai ɗansa an duba ba, ba na ba shi shawarar ya fara da wannan, domin zai yi ta harbi a duhu; ya fara da neman gwaji a makarantar gwamnati ta yankinsa, wanda kyauta ne daga shekara uku, ko shirin tallafin farko na jiharsa idan yaron bai kai uku ba. A cikin sassa ukun, na girbi ya biya kuɗin kundin shi kaɗai, na Ranar Godiya ya ba da rabin abin da ya ɗauka, na Halowin kuwa shafi uku na amfana da su. A makon ƙarshe na Nuwamba ɗana yana faɗin k daidai a farkon kalma da ƙarshenta idan yana lura, g kuwa tana zuwa tana komawa, kuma a tsakiyar hira mai zafi har yanzu kaza takan koma "taza". Malamarsa ta ce mu ci gaba da jerin kalmomin Hausa har zuwa taron duba takardarsa na gaba, kuma ta riga ta ware mini katunan sanyi da ƙanƙara da za mu fara da su a Disamba.